Ƙofar Gareji da Kabad ɗin Kicin: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini da Amsoshinsu

In dai an san aikinka duba gini ne, to cin abinci a gidan biki sai ka yi da gaske. Kana kai loma wani zai matso da waya, ya nuna maka hoton wata ƙofa da ya gani a Facebook, ya ce, "Injiniya, nawa wannan za ta ci?" Ka koma gida kuma ka tarar ƙanwar maiɗakinka ta turo hoton kicin na Turkiyya, tana son irinsa a ɗakin da bai fi tabarma biyu ba. Abin da na lura, tambayoyin ba sa wuce wurare biyu: inda maigida ke ajiye motarsa, da inda uwargida ke ajiye tukwanenta. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su yadda nake amsawa a majalisa, ba yadda ake rubuta takardar kwangila ba.

Wane faɗi ya kamata ƙofar gareji ta yi?

Kafin ka tambaye ni, ɗauki tef ka auna motarka, sannan ka auna motar da kake mafarkin saya. Corolla ba ta kai mita 1.8 a faɗi ba, tsawonta kuma wajen mita 4.6 ne. Hilux mai ƙofa huɗu ta haura mita 5.3 a tsawo. Land Cruiser tana dab da mita 2 a faɗi, ban da madubai. Ƙofar mota ɗaya da aka saba yi a Amurka ƙafa 8 ko 9 ce a faɗi, ƙafa 7 a tsayi, wato wajen mita 2.4 zuwa 2.7 da mita 2.1. Da yawa daga maginanmu wannan awon suka gada, ba tare da sun tambayi kansu ko ya dace da lungunmu ba.

Ni mita 3 nake ba da shawara, in fili ya yarda. Dalili kuwa, Bature yana shiga garejinsa ne a miƙe daga farfajiyar gidansa, kai kuwa daga lungu mai kwata a gefe za ka karyo kan mota, wataƙila ga mai shayi ya kafa teburinsa a gabanka. Santimita 30 ɗin da ka ƙara shi zai raba ka da mai gyaran bodi.

Akwai wani bawan Allah da na duba wa gini, ya rantse shi da ƙaramar mota har abada, don haka kada a ɓata masa fili. Ba a yi shekara biyu ba Allah ya buɗa masa, ya sayi Hilux. Har yau wutsiyar motar a waje take kwana, ƙofar ba ta rufuwa, sai da ya ɗauki maigadi. Cikin garejin dai kada ya gaza mita 3 da mita 6, in da hali a kai shi 3.5 da 6.5, don ka iya buɗe ƙofar motar ka fita da babbar riga ba tare da ka goge bango ba.

Tsayin fa?

Mita 2.4 daga ƙasa zuwa linta, bayan an gama zuba daɓe da tayil, ba kafin nan ba. A nan ake yawan tafka kuskure: a auna tun ƙasa tana tsirara, sai an cika an daɓe a ga santimita 15 ya tafi. Hiace mai tudun rufi tana kusan mita 2.3, in kana da niyyar haya ko yawan iyali, ka sa wannan a lissafi.

Mai buɗewa biyu, mai turawa gefe, ko mai naɗewa sama: wacce ta fi?

Babu wadda ta fi a ko'ina, kowacce da gidan da ya dace da ita.

Mai ƙyaure biyu ita ce tsohuwar zuma. Kowane mai walda ya iya ta, in ta lalace yaron shago ma zai gyara. Matsalarta wurin buɗewa take ci. In ta buɗe waje ta tare hanya, ka shiga haƙƙin maƙwabta da masu wucewa, wata rana kuma ka fito da sassafe ka tarar wani ya ajiye a-daidaita-sahu a bakinta. In ta buɗe ciki ta cinye maka mita ɗaya da rabi na garejin. Sannan tana da halin sunkuyawa: shekara biyu uku sai ka ji tana jan ƙasa, don nauyinta gaba ɗaya a kan hinji yake. Ka sa a yi mata hinji uku a kowane ɓangare, masu boris, kuma a dasa ginshiƙan ƙarfen cikin kankare, ba a liƙa su a jikin bulo ba.

Mai turawa gefe, wadda ke tafiya a kan taya, ita na fi so a get ɗin gida. Ba ta cin hanya, iska ba ta buga ta. Amma tana son bango a gefe wanda ya ɗan fi faɗin ƙofar, kuma layin da take bi a ƙasa abokin gabarsa yashi ne. Da hunturu ƙura ta cika shi, da damina ruwa ya kwaso laka ya zuba. Wanda ba zai iya sa yaro ya share layin duk mako ba, kada ya yi ta.

Mai naɗewa sama, irin ta shaguna, ita ta fi dacewa da garejin da ke bakin titi kai tsaye. Ba ta neman fili a gefe ko a gaba, sai dai a bar mata wajen santimita 40 a saman linta inda za ta naɗe. Tana da ƙara, wannan gaskiya ne. In kana dawowa sha biyun dare, duk layin zai san ka dawo.

Wannan da ake gani a finafinai tana hawa sama tana kwanciya a ƙarƙashin silin, ana samun ta?

Ana samu, a Abuja da Legas musamman, kuma kyakkyawa ce. Asalinta Amurka: wani mutum mai suna C. G. Johnson ne ya ƙirƙiro ƙofa mai ɗagawa sama a 1921, ya ƙara mata injin lantarki a 1926. A can ta dace da ƙasar da dusar ƙanƙara ke toshe bakin ƙofa. Faifan nan da take da su akwai soso a cikinsu mai tare sanyi da zafi, wannan kam zai yi mana amfani a watan Afrilu.

Abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba shi ne ba injin ne ke ɗaga nauyin ƙofar ba, sifirin ne, wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke kwance a samanta. Na gama-gari an yi shi ne ya buɗe ya rufe wajen sau 10,000. In kana buɗewa sau huɗu a rana, shekara bakwai ke nan ya tsinke. Ran da ya tsinke ƙofar ta zama gawa, kuma ba aikin da za ka ce wa mai waldar unguwa "gwada mu gani" ba ne, don sifirin da ke murɗe yana karya hannu, yana fasa fuska. Kafin ka biya kuɗi, ka tambaya wa zai zo gyara, daga wane gari, kuma kayan gyaran suna ƙasar ko sai an yi oda.

Ina son ta rimot, amma wuta fa?

Tambayar ke nan. Injin ƙofa ba ya shan wuta da yawa, daƙiƙa ashirin yake aiki ya huta. Ka nemi wanda ke aiki da batir a cikinsa, wuta tana cajin batirin ne kawai. Na kamfanin Centurion na Afirka ta Kudu sun yaɗu a get-get na manyan garuruwanmu saboda haka, su ma can sun san ɗauke wuta. In kana da inbata ko sola, a ja masa layi daga can. Sannan ka tabbata akwai makullin da ke sakin injin a tura da hannu, ka kuma nuna wa uwargida da babban yaro inda yake. Na san gidan da aka makara kai mai naƙuda asibiti, don maigida yana tafiya kuma shi kaɗai ya san sirrin ƙofar.

Ba ta da haɗari ga yara?

Tana da shi, kuma ban ɗauki wannan da wasa ba. A Amurka sai da ƙofofin nan suka danne yara da dama kafin a kafa doka, daga farkon 1993, cewa duk injin ƙofar gareji da za a sayar sai yana da na'urar da ke hana shi danne mutum. Yawanci wasu idanu biyu ne ake sawa a ƙasa, dama da hagu, ɗaya yana aika wa ɗaya haske. Da wani abu ya gitta, ƙofar ta tsaya ta koma. A nan masu haɗawa sukan bar su a kwali, su ce ƙura tana hana su aiki. Ƙura tsumma take so, ba cirewa ba. Gidan Bahaushe kuwa ba ya rabo da yara, naka da na maƙwabta da almajirin da ya zo ɗaukar wanke-wanke. Ka tsaya a kai sai an sa, ka gwada da kwali a gaban mai aikin kafin ka cika masa kuɗinsa.

Yaya zan gane mai walda bai cuce ni a kaurin ƙarfe ba?

Ka je tare da shi sayen ƙarfen, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja. Kada ka ce "a yi mai kauri", ka faɗi lamba. Farantin da za a rufe fuskar ƙofa kada ya gaza milimita 1.2, in da hali 1.5, fayif ɗin firam kuma ya fi haka. In an gama, ka danna tsakiyar farantin da tafin hannu. In ya lotsa ya dawo da ƙara kamar gwangwanin madara, an rage maka. Ka kuma ce kana son ganin ƙofar kafin a yi mata fenti, don fenti da foti suna rufa asirin walda mara kyau. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, na ga ƙofa mai ƙyalƙyali da zanen zinare wadda ɗan yaro zai iya lanƙwasa ta da gwiwa.

Jan fentin nan mai hana tsatsa a fara shafa shi, har ƙasan ƙofar inda ido ba ya kaiwa, don daga nan ruɓewa ke farawa.

Baƙin fenti ya fi kyau, ko?

Ya fi kyau ranar da aka shafa. Bayan mako guda na hazo sai ya koma kalar ƙasa. In kuma ƙofar tana kallon yamma, da la'asar ba ta taɓuwa, garejin ya zama tanda. Ruwan toka ko ruwan ƙasa sun fi haƙuri.

Zan iya ajiye janareta a gareji in rufe, saboda ɓarayi?

A ajiye shi a kashe, e. A kunna shi a ciki, a'a, ko da ƙofar a buɗe take rabi. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana bin ƙasan ƙofa da tagogi ta shiga ɗakuna. Mutum yana barci zai wuce, ba tari ba ihu. Sau nawa muka ji an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki saboda wannan? A gina masa kejinsa a tsakar gida, nesa da taga. Haka ma ɗumama mota da safe, a fara buɗe ƙofa.

To mu koma kicin. Hajiya ta ce: kafinta ya kawo mini hotuna, duk sun yi kyau, ta ina zan fara?

Hajiya, ajiye hotunan tukuna. Fito da kayanki gaba ɗaya tsakar gida, ki jera su kamar ranar jere. Babbar tukunyar suna, tukwanen yau da kullum, kuloli, farantan tangaran na baƙi, turmi da taɓarya, muciya, rariya, injin markaɗe, jarkar manja, buhun shinkafa. Ki raba su uku: abin da hannunki ke taɓawa kullum, abin da sai Juma'a ko in an yi baƙi, da abin da sai salla ko biki. Na kullum su zauna tsakanin gwiwarki da kafaɗarki. Na baƙi su hau sama. Na salla su tafi sito, ba su da hurumi a kicin.

Sai ki auna babbar tukunyar da kika fi amfani da ita, ki ba kafinta awon. Kabad ɗin da ke cikin hotunan nan an yi su ne don gidan da ake dafa wa mutum uku taliya. Zurfinsu santimita 60 ne a waje, ciki bai kai haka ba, ƙofofinsu kuma ƙanana. Na sha shiga kicin na miliyoyi in tarar da tukwane jibge a ƙasa bayan ƙofa, don babu gidan da ya ɗauke su.

Wannan dabara ta auna aiki kafin a yanka katako ba sabuwa ba ce. Kicin ɗin zamani mai kabad a jere ya samo asali ne daga birnin Farankfot na Jamus, inda wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara shi a 1926 don gidajen ma'aikata. Ɗan ɗaki ne, wajen mita 1.9 da mita 3.4, amma sai da aka lissafa takun mai girki da motsin hannunta kafin a sa komai a wurinsa, har da 'yan durowoyin alminiyam masu suna a jiki, na fulawa daban, na shinkafa daban, na sukari daban. An yi irinsa kusan 10,000. Ita matan can ta auna. Mu sai muka kwafi kabad ɗin, muka bar awon.

Wane tsayi kanta, wato teburin girki, za ta yi?

Abin da aka saba santimita 90 ne daga ƙasa. Amma ki tsaya ki lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunki, a rage santimita 10 zuwa 15. Nan ne bayanki ba zai yi ciwo ba. Tsakanin kanta da kabad na sama a bar santimita 50 zuwa 60, na saman kuma kada zurfinsa ya wuce 35, in ba haka ba kullum goshinki yana cikin haɗari. Hanyar wucewa tsakanin kanta biyu ta kai mita ɗaya, in ku biyu kuke girki ta kai 1.2.

Ga abin da babu shi a littafin Turawa: tuƙin tuwo. Ki ɗora tukunyar tuwon mutum goma sha biyar a kan gas ɗin da ke bisa kanta mai santimita 90, bakin tukunyar ya kai ƙirjinki, da wane ƙarfi za ki juya muciya? Shi ya sa iyayenmu suke tuƙi a zaune kan kujera 'yar tsuguno, tukunya a ƙasa, ƙafa ta tokare. Ki sa a sauke wani ɓangare na kantar ya yi ƙasa sosai don babban murhu, ko a bar fili a ƙasa inda za a ajiye murhun gas mai kai ɗaya. In gidan yana da tsakar gida, ƙaramar rumfa a bayan kicin don gawayi da daka da suyar salla ta fi kowane kabad amfani. Turmi dai ba ya shiri da tayil, balle a bene.

Katako, MDF, ko alminiyam?

MDF garin katako ne da aka matse da gam. Yana da santsi, yana karɓar fenti da kyau, shi ya sa kafintoci ke son sa. Amma in ruwa ya shige shi sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. Kicin ɗinmu kuwa da bokiti ake wanke shi. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke kada a kuskura a sa shi. Filawud mai kauri milimita 18 ya fi shi jure ruwa da riƙe kusa. Dukkansu da girma ɗaya suke zuwa, ƙafa 4 da ƙafa 8, don haka ki tambayi kafinta guda nawa aikin zai ci, ki lissafa da kanki.

Katako na gaske, irin maɗaci ko iroko, yana da ƙarko in ya bushe. In ya bushe fa. Yawancin katakon da ke sauka a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano daga kudu yake zuwa da danshinsa. A yi miki ƙofa da shi a watan Agusta ta zauna daram, hunturu na shigowa ta tsuke ta karkace, ki ga tsaga har yatsa na shiga.

Abin da na fi yarda da shi a gidan da mutum ya mallaka: a gina ƙafafun kantar da bulo, a zuba siminti a sama, a shimfiɗa dutsen giranit, a liƙa tayil a ciki, sannan a sa ƙofofi na alminiyam ko na filawud. Ba ya kama da na hoto sosai, amma gara ba ta cin siminti, ruwa ba ya kumbura shi, in ƙofa ta gaji a sauya ƙofa kawai. Na sama, da yake ruwa ba ya kai musu, a yi su da duk abin da ido ke so.

Gara da kyankyaso da ɓera fa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara daga ƙasa take fitowa, don haka a yi wa harsashi magani tun ran gini, kuma kada katako ya taɓa daɓe. A ɗora kabad a kan ƙafafu ko dakalin siminti mai santimita 10 zuwa 15. Kyankyaso yana son duhu da danshi da tsaga, wato bayan kabad da inda bututun ruwa ya huda bango. A toshe ramukan nan da siminti kafin a kafa kabad, don bayan an kafa babu mai sake ganinsu. Famfon da ke ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ne rijiyar unguwarsu.

Roƙona ɗaya, kada a yayyafa fiya-fiya a cikin kabad ɗin abinci. Guba ce, ba ta san kyankyaso daban da ɗan mutum daban ba.

Ɗaya garar fa, ta amarya? Ina za a zuba ta?

Wannan ita ce garar da kowane ango ke maraba da ita. Buhunan shinkafa, katan-katan na taliya, jarkokin mai, ga alkaki da nakiya da dubulan. Ranar da aka kawo ta ake gane gidan da ba shi da sito, don sai ka ga buhu a falo bayan kujera. Kabad ba ya ɗaukar buhu mai kilo 50 ko jarka mai lita 25, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Kakanninmu sun raba rumbu da madafa, suna da dalili: hatsi ba ya son zafi da tururi.

Sito ko da mita 1.5 da mita 2 ne ya wadatar, in an tsara shi. A bar ƙasa fili don buhuna, a ɗora su a kan katako, kada su taɓa daɓe ko su jingina da bango. Kantoci su fara daga wajen mita ɗaya zuwa sama, kuma duk kantar da ta wuce santimita 80 a tsawo a sa mata tokari a tsakiya, in ba haka ba gwangwanayen tumatir za su lanƙwasa ta. A yi ƙaramar taga can sama mai raga. Wake kuwa, wanda ƙwari ba sa bari ya kai wata biyu, a nemi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi bayan aikin da suka yi da manoman wake a arewacin Kamaru. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje. In an ɗaure da kyau iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai murfi da aka cika fal aka toshe ita ma tana yin wannan aikin.

Tukunyar gas a cikin kabad, don kada ta ɓata kwalliya?

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa, ya taru a cikin rufaffen kabad yana jiran ashana. A fitar da tukunyar waje, a yi mata keji mai inuwa da iska a jikin bangon kicin, a shigo da bututu. In ba yadda za a yi sai a ciki, ƙofar gidanta ta zama mai raga ko mai huji a ƙasa, kuma kada a ja wayar lantarki ta wurin. Ruwan sabulu a mahaɗar tiyo yana nuna yoyo, in ya yi kumfa a kashe.

Durowa ko ƙofa?

Na ƙasa durowa, in aljihu zai iya. Kina jawowa kin ga komai, ba sai kin durƙusa kina laluben murfi a duhu ba. Amma ƙarfen da take gudu a kai ya zama mai kyau, na banza wata shida yake yi. Kantoci marasa ƙofa kuma a bar wa masu ɗaukar hoto. Wanda ya ga abin da hazon Janairu ke yi wa faranti a kwana biyu ba zai tambaya ba.

Mata biyu, kicin ɗaya. Yaya za a raba?

Alhaji, in da hali kowacce da nata, ko da ƙarami ne. In babu hali, to kabad biyu masu girma ɗaya, tsayi ɗaya, launi ɗaya, kowanne da makullinsa, kuma kada ɗaya ya fi ɗaya kusa da taga. Kada ka yi dariya, na taɓa mayar da kafinta ya sake aiki saboda bambancin durowa guda. Murhu da wurin wanke-wanke a yi tarayya, tunda girki kwana-kwana ne. Makullin sito kuma wannan ba aikin injiniya ba ne, ka ji da shi.

Wa ya kamata ya yi kabad ɗin, ango ko iyayen amarya?

A al'ada miji ke ba da muhalli, iyayen amarya su yi kayan ɗaki da na kicin. Da can abin ba rikici, don kwabar jere da kwalla da samira duk abin ɗauka ne. Kabad ɗin da aka kafe a bango kuwa ya zama jikin gida; in an tashi ƙaura, ko zama ya ƙi, ba ya ciruwa sai da asara. A ganina duk abin da aka kafe da kusa ko siminti na mai gida ne, shi ya yi. Iyayen amarya su sayi abin da mota za ta iya kwashewa. In gidan haya ne ma, ku duka ku haƙura da na bango, a yi kabad masu tsayuwa da ƙafarsu, guda-guda, waɗanda za su fita ta ƙofa.

Garejina ya cika da tarkacen kicin, mota tana kwana a waje. Laifin wa?

Laifin wanda ya zana gidan ba sito, wataƙila kuma kai ne ka ce a cire shi don falo ya ƙara girma. Gareji a gidajenmu ya gaji aikin zaure: nan ake shimfiɗa tabarma in an yi rasuwa ko suna, nan ake ɗaure ragon layya, nan samarin gida ke kallon ƙwallo, in an matsu kuma a fasa shi ya zama shago. Tunda haka ne, a tsara shi da sanin hakan. A kafa kantocin ƙarfe a bangon ƙurya, daga saman inda hancin mota ke tsayawa zuwa silin, a ɗora manyan tukwanen biki da kujerun roba da kulolin da sai shekara-shekara. Abinci dai kada ya zauna a nan, shinkafa tana ɗaukar warin fetur. A kuma huda ƙaramar ƙofar mutum a jikin babbar, don kada a riƙa tura ƙarfe mai nauyin saniya duk lokacin da za a aiki yaro sayen magi. Daɓen ya ɗan gangara waje, santimita ɗaya ko biyu a kowace mita, don ranar da aka wanke kashin ragon ruwan ya san hanyar fita.